Ceton Waɗanda 'Yan Ta'adda Suka Sace: Darasin Dajin Sambisa

Ran 28 ga watan Afrilu na shekarar 2015, Hedkwatar Tsaro ta Nijeriya ta ba da sanarwa cewa mayaƙan ƙasar nan sun kutsa cikin dajin Sambisa da ke Jihar Borno, sun rusa waɗansu sansanoni na 'yan Boko Haram, sun kuma fito da 'yan mata 200 da manyan mata 93. Bayan kwana biyu aka ƙara fito da mutum 160, sa'an nan aka sake samun 234 ta ɓangaren Kawuri da Konduga. Watau cikin mako guda an ƙwato mutane kusan 700, galibinsu mata da ƙananan yara. Tambayar farko da duniya ta yi ita ce ko 'yan matan Chibok ne. Da kakakin rundunar soja, Kanar Sani Usman, ya bayyana cewa ba su ba ne, sai murnar mutane da yawa ta ragu, kamar dai waɗannan ɗaruruwa ba 'ya'yan kowa ba ne.

Tun daga wancan mako har yau, da wuya wata ya fito ya faɗi ba a ji sanarwa cewa soja sun ceto mutum kaza daga hannun 'yan ta'adda ba. Jama'a kan ji, su yi godiya, su ci gaba da harkokinsu. Amma ya dace ma'aikatan hukuma, waɗanda su ne ke tsara manufofi da kasafin kuɗi, da ɗalibai waɗanda gobe su ne za su gaje su, su tsaya su tambayi abin da wannan kalma ta "ceto" take nufi, da lokacin da ƙarfin bindiga yake amfani da lokacin da yake jawo asarar rayukan da aka je ceto, da kuma abin da yake samun mutum bayan an fito da shi daga daji.

CETO IRI BIYU NE

Wajibi ne a bambanta tsakanin abubuwa biyu waɗanda sau da yawa akan kira su da suna ɗaya. Na farko shi ne soja su ci wani gari ko sansani da yaƙi, abokan gaba su gudu, su bar waɗanda suke tsare da su a baya. Na biyu shi ne a shirya hari na musamman domin a ƙwato waɗansu sanannun mutane daga hannun masu tsaronsu, alhali masu tsaron suna nan zaune da makamai a hannu, suna sauraron zuwan soja. Duk wanda ya bi tarihin yaƙin Arewa maso Gabas zai ga cewa kusan dukan dubban mutanen da mayaƙanmu suka 'yanta, ta hanya ta farko aka 'yanta su.

Dalilin haka a fili yake. A shekarar 2014 ƙungiyar Boko Haram ta tashi daga kai hari ta gudu, ta koma kama garuruwa tana zama a cikinsu. Ta ci Gwoza a watan Agusta, inda shugabanta Abubakar Shekau ya yi shelar kafa daularsa, ta ci Bama a Satumba, ta shiga Mubi a ƙarshen Oktoba, ta kuma auka wa Baga a farkon Janairun 2015. Wanda ya riƙe ƙasa kuwa yana bukatar masu yi masa noma da ɗiban ruwa da dafa abinci da ɗaukar kaya, yana kuma bukatar matan da zai raba wa mayaƙansa da yaran da zai horar su zama mayaƙan gobe. Saboda haka satar mutane ta zama wani ginshiƙi na tafiyar da ƙungiyar. Ƙungiyar Amnesty International ta ƙiyasta a watan Afrilun 2015 cewa an sace mata da 'yan mata aƙalla 2,000 tun daga farkon 2014. A garin Damasak kaɗai, wanda aka ci a watan Nuwamban 2014, an tafi da yara 'yan firamare wajen 300, ko da yake labarinsu bai sami ko rabin kulawar da labarin Chibok ya samu ba.

Da aka ɗage babban zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris na 2015, sai mayaƙan Nijeriya, tare da na Chadi da Nijar da Kamaru, suka buɗe wuta ta fuskoki da dama. Aka ƙwato Baga a Fabrairu, aka ƙwato Bama da Damasak a Maris, Gwoza kuma ta dawo hannu ana gobe zaɓe. 'Yan ta'adda suka janye zuwa Sambisa, tsohon gandun namun daji mai tazarar kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Maiduguri, suka kora waɗanda suka sace a gaba. Da soja suka bi su can a watan Afrilu, ba su da halin yin yaƙi suna kuma gadin ɗaruruwan mata da yara masu fama da yunwa. Wannan shi ne asalin nasarar wancan mako. Haka kuma aka yi a watan Disamban 2016, lokacin da Manjo Janar Lucky Irabor ya ba da sanarwar ƙwato fararen hula 1,880 daga dajin, 'yan kwanaki kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana faɗuwar sansanin Zairo.

Duk da haka, ko wannan hanya ba ta rasa asara. Mutum 275 daga cikin waɗanda aka ceto an kai su sansanin Malkohi da ke kusa da Yola a farkon watan Mayun 2015, kuma abin da suka gaya wa 'yan jarida bai yi daɗin ji ba. Sun ce da masu tsaronsu suka ji ƙugin motocin soja, sun umurce su da su bi su, da suka ƙi sai aka jejjefe waɗansu da duwatsu har lahira. Waɗansu mata da suka ɓuya cikin ciyayi motar sulke ta soja ta bi ta kansu ba da sani ba, waɗansu kuma nakiyar da aka binne ta tashi da su a hanyar fitowa. Ya kamata mai karanta alƙaluman nasara ya riƙa tunawa da cewa akwai waɗanda ba a ƙidaya ba.

MINTI KAƊAN NA ƘARSHE

Idan aka zo ga hanya ta biyu, watau harin musamman, tarihi ya nuna cewa sakamakon ya rataya ne a kan 'yan mintocin da ke tsakanin lokacin da mai tsaro ya farga da lokacin da soja ya iso kansa. Ƙasar nan ta koyi wannan darasi a cikin birnin Sakkwato ran 8 ga Maris na 2012. Waɗansu injiniyoyi biyu, ɗaya Baturen Ingila ɗaya na Italiya, waɗanda aka sace a Birnin Kebbi a watan Mayun 2011, an gano ana tsare da su a wani gida a unguwar Mabera. Jami'an tsaron Nijeriya tare da mayaƙa na musamman daga Ingila suka far wa gidan da rana tsaka, saboda ana tsoron labari ya riga ya kai ga masu tsaron. Kafin a kai ga ɗakin da suke, an riga an kashe su duka biyu, har gwamnatin Italiya ta yi ƙorafi cewa ba a shawarce ta ba kafin a kai harin. A ƙarshen watan Mayun wannan shekara kuma, wani injiniya Bajamushe da aka sace a Kano ya gamu da irin wannan ƙarshe sa'ad da jami'an tsaro suka kai samame gidan da ake ɓoye da shi.

Wannan matsala ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, kuma ba sabuwa ba ce a Afirka. Ran 24 ga Nuwamban 1964, jiragen saman Amurka suka zubo da sojojin laima na Beljiyam a birnin Kisangani na ƙasar Kwango, wanda a zamanin ake kira Stanleyville, domin ƙwato baƙin da 'yan tawayen Simba suka yi garkuwa da su. An kwashe mutane fiye da 1,500, amma a ɗan lokacin da sojojin suka ɗauka daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar gari, 'yan tawaye sun buɗe wuta a kan waɗanda suka tara a titi, suka kashe wajen mutum 20.

Akwai misali na nasara wanda ya kamata jami'anmu su nazarta da kyau, domin ya faru ne a ƙasar da ta yi shekaru da dama tana yaƙi da 'yan tawaye cikin ƙungurmin daji. Ran 2 ga Yulin 2008, sojojin Kolambiya suka ƙwato mutum 15 daga hannun ƙungiyar FARC, cikinsu har da Ingrid Betancourt, wadda aka sace tun 2002 tana neman shugabancin ƙasa, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Sun shafe watanni suna kutsawa cikin hanyoyin sadarwar 'yan tawayen, har suka sa masu tsaron suka gaskata cewa shugabanninsu ne suka ba da umurni a mayar da fursunonin wani sansani. Masu tsaron da kansu suka shigar da su jirgi mai saukar ungulu. Aikin yana da tabonsa, domin ɗaya daga cikin sojojin ya sa alamar ƙungiyar agaji ta Red Cross, abin da dokar yaƙi ta hana, har Shugaba Alvaro Uribe ya nemi gafara. Amma ya tabbatar da cewa mafi girman aikin ceto ana yin sa ne tun kafin ranar hari, kuma masu leƙen asiri ne ke yin sa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ne ya sa maganar da Babban Hafsan Tsaro, Alex Badeh, ya yi ran 26 ga Mayun 2014 ta cancanci a sake duba ta. Ya ce soja sun san inda 'yan matan Chibok suke, amma ba za su yi amfani da ƙarfi ba don kada a kashe su da sunan ceto. Mutane da yawa sun ɗauki maganar a matsayin neman mafaka, kuma an yi ta shakkar ko da gaske an san wurin. Amma hujjar da ya kafa ta ƙin afkawa tana da tushe. Idan injiniyoyi biyu a gida ɗaya cikin birni sun gagara, ina ga 'yan mata fiye da 200 da aka rarraba rukuni-rukuni cikin daji mai cike da nakiyoyi?

YADDA SUKA DAWO

Lissafin Chibok da kansa ya isa shaida. An sace ɗalibai 276 a daren 14 ga Afrilun 2014. Daga cikinsu 57 sun tsere da ƙafafunsu a farkon al'amarin, waɗansu ta hanyar dirowa daga motoci suna tafiya. Sai da aka yi fiye da shekara biyu kafin a ga ta farko daga cikin sauran 219, a watan Mayun 2016, kuma 'yan sa-kai da aka fi sani da 'yan ƙato-da-gora ne suka tsince ta a gefen daji da jariri a hannu. A watan Oktoban 2016 aka sako 21, a watan Mayun 2017 kuma aka sako 82, dukansu ta hanyar shawarwari da gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross ta duniya suka taimaka a kai, tare da lauya Zannah Mustapha na Maiduguri a matsayin mai shiga tsakani, aka kuma yi musayar na ƙarshen da waɗansu kwamandojin ƙungiyar da ke tsare. Sauran da suka dawo bayan haka sun dawo ne ɗai-ɗai, galibi sun sulale da 'ya'yansu suka gamu da soja masu sintiri. Da aka cika shekara goma a 2024, fiye da 80 ba a san makomarsu ba.

Haka labarin Dapchi yake. An kwashe ɗalibai 110 ran 19 ga Fabrairun 2018. Shugaba Buhari ya faɗa a fili cewa gwamnatinsa ta zaɓi hanyar shawarwari a kan hanyar ƙarfi, kuma ran 21 ga Maris waɗanda suka sace su ne suka maido da fiye da 100 cikin gari da motocinsu. Biyar sun rasu a hannunsu, ɗaya kuma aka ƙi sakinta saboda ta ƙi barin addininta. Gwamnati ta ce ba ta biya fansa ba, wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an biya, gwamnati ta sake musantawa.

Wannan bai rage darajar aikin soja ba, domin babu ɗan tawayen da zai yarda ya zauna a yi shawara muddin bai ji matsi a fagen fama ba, kuma babu wadda za ta iya sulalewa daga sansani in ba hare-hare sun tarwatsa masu gadi ba. Abin da ya nuna shi ne ƙarfi da shawarwari suna tafiya ne tare, kuma ba abin kunya ba ne hukuma ta faɗi wanne ne ya yi aiki. Abin kunya shi ne sanarwar gaggawa da ba ta da tushe. Kwana biyu bayan satar Chibok, Hedkwatar Tsaro ta ce an kuɓutar da duka ɗaliban in ban da takwas, sa'an nan ta janye maganar da iyaye da shugabar makarantar suka ƙaryata. A 2018 gwamnatin Jihar Yobe ta ce soja sun ceto waɗansu 'yan matan Dapchi, kashegari ta ba da haƙuri ta ce ba haka ba ne. Irin wannan yana ɓata sa'o'in farko waɗanda a cikinsu ne ake iya bin sawu, yana kuma sa jama'a su riƙa shakkar sanarwar gaskiya idan ta zo. Jama'ar da ta daina gaskata hukuma kuwa ba za ta kawo mata labarin sirri ba, alhali labarin sirri shi ne jarin ceto.

BAYAN AN FITO DAGA DAJI

Matsala mafi tsawo tana farawa ne daga ranar da aka sauke mutum daga motar soja. Sojan da ya tsinci mata da yara a sansanin abokan gaba bai san wadda aka sato da wadda ta zo da son ranta ba, kuma yana da dalilin yin hattara. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙidaya yara 83 da aka ɗaura wa bama-bamai daga Janairu zuwa Agustan 2017, 55 daga cikinsu 'yan mata. Saboda haka tantancewa ta zama tilas. Amma tantancewar da ba ta da wa'adi, ba ta da rajista, ba ta kuma da alƙali, tsarewa ce kawai da wani suna. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa tsakanin Janairun 2013 da Maris ɗin 2019, jami'an tsaro sun tsare yara fiye da 3,600 bisa zargin alaƙa da 'yan ta'adda, 1,617 daga cikinsu mata, kuma barikin Giwa da ke Maiduguri ya yi ƙaurin suna a wannan fanni. Yarinyar da aka raba da iyayenta da bakin bindiga, ta sha wahala a daji, sa'an nan ta ƙare a ɗakin tsaro na gwamnatin ƙasarta, ta gudu ne ba ta tsira ba. A watan Satumban 2022 Gwamnatin Tarayya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa yaran da soja suka samu a fagen fama za a miƙa su ga hukumomin farar hula cikin kwana bakwai. Mataki ne mai kyau, amma darajarsa tana ga aiwatarwa.

Bayan bariki kuma sai gida, in akwai gidan. Wani bincike da Asusun Kula da Yara ya gudanar tare da ƙungiyar International Alert a 2016 ya gano cewa a sansanonin 'yan gudun hijira na Borno ana kiran matan da suka dawo da sunan "matan Boko Haram", har ana ce musu "annoba". Waɗansu mazajensu sun sake su, waɗansu kishiyoyi sun ƙi cin abinci tare da su, 'ya'yan da suka haifa a daji kuwa ana kallonsu a matsayin masu mugun jini. Akwai kuma abin da ke ƙara wa waɗannan mata ɓacin rai: tun 2016 gwamnati ta kafa shiri na musamman a Malam Sidi ta Jihar Gombe domin gyaran halin mayaƙan da suka tuba, inda ake koya musu sana'a, alhali da yawa daga cikin waɗanda aka zalunta ba su sami irin wannan tsari ba. Ba a ce a daina karɓar masu tuba ba, domin bayan mutuwar Shekau a watan Mayun 2021 dubun dubatar mutane sun fito daga daji, kuma cikinsu akwai waɗanda aka sace tun suna ƙanana. Amma bai kamata wanda ya yi satar ya riga wadda aka sace samun kulawa ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A ganinmu, abu na farko shi ne a kafa rajista guda ta ƙasa ta mutanen da suka ɓata a yankunan yaƙi, mai ɗauke da suna da gari da ranar ɓata, wadda za a riƙa kwatanta ta da sunayen duk wanda soja suka fito da shi. Dagatai da masu unguwanni da shugabannin makarantu sun san waɗanda aka rasa, abin da ya rage shi ne hukuma ta tattara. Ƙasar da ba ta san yawan 'ya'yanta da ke hannun abokan gaba ba, ba za ta iya sanin ko tana cin nasara ba.

Na biyu, a ba da fifiko ga leƙen asiri a kasafin tsaro, musamman irin wanda ake samu daga bakin mafarauta da makiyaya da masunta da waɗanda suka tsero, tare da tabbatar musu da cewa za a rufa musu asiri. Kuskuren da jirgin yaƙi ya yi a Rann ran 17 ga Janairun 2017, inda ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira aka rasa fiye da mutum 100, ya nuna abin da ƙarfi yake yi idan labarin da aka dogara a kai ya zama gurgu.

Na uku, kowace sanarwa ta ceto ta bayyana a fili yadda aka samu mutanen, ko a fagen fama, ko sun tsero, ko ta hanyar sulhu, da adadin waɗanda aka rasa, da hukumar da aka miƙa su gare ta. Na huɗu, gwamnatocin jihohi su ware kuɗi na dindindin domin magani da karatu da sana'a ga waɗanda suka dawo, su kuma sa sarakuna da malamai cikin aikin wayar da kan jama'a, domin su ne kaɗai za su iya gaya wa mutanen gari cewa wadda aka yi wa auren dole ba ta da laifi, ɗanta ma ba shi da laifi.

Dokar yaƙi ta duniya, tun daga yarjejeniyoyin Janiba na 1949, ta haramta yin garkuwa da mutane ko da a yaƙin cikin gida ne, saboda haka laifin satar yana wuyan waɗanda suka yi ta. Mayaƙan da suka taka nakiyoyin Sambisa domin su fito da 'ya'yan talakawa sun cancanci yabo da kyakkyawar kulawa ga iyalan waɗanda suka rasu a cikinsu. Amma aikin soja yana ƙarewa ne a bakin daji. Daga nan nauyi ya koma kan ma'aikatun lafiya da ilmi da shari'a da jin daɗin jama'a, kuma ba za a rubuta sunan mutum cikin waɗanda aka ceto da gaske ba sai ranar da ya koma cikin danginsa aka karɓe shi, ya kuma sami abin yi.